Kujerar Inna a Jirgin Landan

Paki, farkon watan Rajab

Zuwa ga taubashiyata Ummuhani, matar da na ƙi aka kai wa Ahmadu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara da hayaƙin Legas. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kawu Zainulabidin mahaifinki ƙalau yake, ya kwashe barkononsa ya shanya. Inna Mairama jiki da sauƙi, ido ne dai babu sauƙi. Na hagu tun da mai sakiya ya taɓa shi ya tafi, na dama kuma yanar sai ƙara kauri take yi. Yanzu sai mutum ya yi magana take sanin ko wane ne.

Takardarki ta zo a hannun Nehemiya direban motar tumatir. Kin san ni allo kaɗai na yi, kika kuma rubuto da boko, saboda haka shi ya karanta mini a tasha, gaban masu rake. Yanzu duk Paki an san likitan Kano ya ce na'urarsu ta lalace, kayan gyara ba a shigo da su, aikin idon Inna sai Landan. An san kamfanin su Ahmadu ya sama muku kujerun gaba, na manya, inda kujera ke kwantawa da mutum. An kuma san yadda kika raba su: Kawu da Inna kafaɗa da kafaɗa, ke da Ahmadu a gefensu, 'yar hanya ce kawai a tsakani.

Kin ce in shirya tsofaffi. Na shirya su. Na aro benci biyu wurin mai shayi na jera su a ƙarƙashin mangwaron gidanku. Na ɗaura zanen ƙanwata, na kafa ɗankwali, na zama ma'aikaciyar jirgi. Kawu ya hau da bisimilla yana ta dariya, har da tambayar inda ake alwala. Na kamo hannun Inna na zaunar da ita a gefensa. A wurin Ahmadu na ajiye turmi na sa masa hula. Kama ta fito sosai, sai dai turmin ya fi shi fara'a. Ke kuma na jingina taɓarya, saboda tsawo da rashin nama.

Na ɗaure su da igiyar guga, na yi rugugin jirgi da baki. Da muka daidaita a sama na kawo fura a tire, na rusuna na ce, "Alhaji da Hajiya, a ci abinci, in an gama a kwanta. Ga surukinku nan yana kallo."

Inna ta ce, "Wane suruki?"

Na ce, "Ahmadu. Nan zai zauna. In ya miƙa hannu sai ya taɓa rigar Kawu."

Ta ce, "Ni kuma nan, jikin Malam?"

Na ce, "Tun daga Kano har Landan."

Ta kwance igiyar, ta lalubi bango ta shige ɗaki. Da la'asar ta aiko a gaya mini ba za ta ba. Ta ce makanta ba a kanta aka fara ba.

To kin ji. Jirgina ya tashi da fasinja ɗaya da turmi da taɓarya. Ki sake rabon kujerun nan, in ba haka ba Kawu kaɗai za ki kai wa likita, shi kuwa daga nan yana hango akuyar da ta shiga gonarsa a Gubuchi.

In za ki ba Nehemiya amsa ki haɗo da madara ko gwangwani ɗaya ne. Nan sai an bi layi, soja na tsaye da bulala, ni kuwa layi ba ya karɓata. Ki gai da turmi.

Naki, wanda kika rasa,
Bobbo

Legas, Afrilu 1985

Bobbo,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Ka gaishe mini da Baba da Inna.

Na sha wuya kafin in karanta ajaminka, da na gama kuma na yi da-na-sanin wahalar. Kai dai ba za ka girma ba. Bara ka aiko mini da kwando wai mazarƙwailar Makarfi, na buɗe a gaban baƙi bushiya ta fito. Na haƙura, aka ce taubashi ne, wasa ne. Amma wannan idon uwata ne.

Ɗayan biyu ne. Ko dai ƙarya kake yi don hankalina ya tashi ka sami abin ba da labari a tasha, ko kuwa da gaske ka ɗaure tsohuwar da ba ta gani da igiyar guga ka tsorata ta. Ban san wanda ya fi muni ba.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, kai da ko jirgin ƙasa ba ka taɓa shiga ba. Kujerun sashen nan bibbiyu ne, kuma ba su da yawa. Ahmadu ya yi ta sintiri a ofishin jirgi kafin a sami huɗu wuri ɗaya. Inna ba ta gani. Wa zai ɗaura mata ɗamara? Wa zai miƙa mata cokali, wa zai riƙe ta in jirgi ya girgiza, in ba mijin da ta tsufa a gidansa ba? Mu kuma na sa mu a gefensu saboda Baba ba ya jin Turanci, in wani abu ya taso muna kusa. Mene ne abin kunya a mace ta zauna kusa da mijinta? A jirgi kowa haka yake yi, har manyan malamai da rawunansu.

Likitan Landan ya ba mu rana a farkon Mayu. Ya ce in aka wuce lokacin jijiyar idon na iya mutuwa, ko an yi aikin ba zai yi amfani ba. Ka ji da kyau, ko in sa Nehemiya ya maimaita maka?

Ka mayar wa mai shayi bencunansa. Ka cire zanen mutane. Ka je ka durƙusa a ƙofar Inna ka gaya mata ƙarya ka shara, irin wadda ka saba. Kujeru kuwa ba zan taɓa su ba. Madara babu.

Nehemiya, in kai ke karantawa, ka ɗaga murya a nan: Bobbo sakarai ne.

Ummuhani

Paki, tsakiyar Rajab

Zuwa ga Hajiyar Legas mai rabon kujeru,

Bayan gaisuwa. Lafiya muke, mangwaro ya nuna, ba za ki sha ko ɗaya ba. Nehemiya ya ɗaga murya kamar yadda kika ce, har mai tsire ya tafa. Na gode.

Kin ce in gaya wa Inna ƙarya na yi. Wace ƙaryar? Ni na zaɓi kujerun? Abin da kika rubuto shi na jera da benci, ban ƙara ba ban rage ba, sai dai turmi. Da ban yi ba, a filin jirgin Kano za ta gane, gaban sojoji da Turawa, ta zauna a ƙasa ta ƙi motsi. Sai in ga Turancin da za ki ɗaga ta da shi.

Wai mene ne abin kunya. Wannan tambayar ta wadda aka ɗauka tana ƙarama aka kai Kaduna riƙo ce. Ni a tsakar gidan nan na tashi. Ban taɓa ganin Inna ta kai loma baki Kawu yana wurin ba. Ta ajiye masa kwano ta juya. In za su biki Kudan, shi yana gaba a kan keke, ita tana can baya cikin mata, kamar ba su san juna ba. Ahmadu kuwa in ya zo gaisuwa daga bayan labule take amsawa. Kin taɓa tambayar dalili, ko kin ɗauka wasan ɓuya suke yi? Wannan matar kike so ta tauna kaza, ta miƙe ƙafa, ta yi minshari, miji a jikinta suruki a gefenta.

Na zauna a ƙasa da duwatsu huɗu ina juya su. Inna da Kawu, ta ƙi. Inna da Ahmadu, gara a jefo ta ta taga. Saura Inna da ke. To ke 'yar fari ce. Tun da aka haife ki ba ta taɓa kiran sunanki ba. "Mutanen Legas" take ce miki, ko da ke kaɗai ake nufi, kuma in maganarki ta kama bango take gaya wa. Duk yadda na juya duwatsun nan sun ƙi zama. Na kai wa Kawu maganar, ya ce shi dai a ba shi taga.

Shawarata, Ahmadu ya koma can baya cikin talakawa, ko a ɗaure shi a saman jirgi tare da kaya yadda Nehemiya ke yi wa kwanduna. Aƙalla an rage ɗaya.

Shekaranjiya Inna za ta zuba ruwan zafi a ƙwarya, ta zuba a gefe, ya sauka a ƙafarta. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, an shafa zuma. Ta ce kada a gaya wa mutanen Legas. Ga shi na gaya. Ke kina can kin rungume tsarin kujera kamar gado aka bar miki. Boko ya koya miki lambar kujera, bai koya miki uwarki ba.

Ki sa Ahmadu ya karanta wannan in ya iya. Ya ɗaga murya inda ya ga dama.

Sakaranki,
Bobbo

Legas, ƙarshen Afrilu 1985

Bobbo,

Kafin komai, wannan takarda ba ta tasha ba ce. Ka nemi mutum ɗaya mai riƙe baki ya karanta maka.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Ina fata Baba da Inna suna lafiya, tunda babu mai gaya mini.

Tun da na rubuto maka shiru. Nehemiya bai zo ba, takarda ba ta zo ba. Na je kasuwar tumatir da kaina, aka ce ba a ga motarsa ba. Shi ya sa nake aiko da wannan ta gidan waya na Ikara. Na san halinka. An ce maka sakarai ka yi fushi, ka kwanta a ƙarƙashin mangwaro kana jira in roƙe ka. Ba zan roƙe ka ba. Mayu ta kusa, ofishin jirgi suna so mu tabbatar, ni kuwa ban san ko uwata za ta taka filin jirgi ba. In ta rasa idon nan saboda wasanka, kada ka sake taka gidana, kuma ko a lahira sai na tsaya a kanka.

Ka ce in sake rabon kujeru. Ahmadu ma ya dame ni, wai me zai hana in zauna da Inna, mace da mace. Kuna tsammani ban yi tunaninsa ba? Ranar farko haka na sa aka rubuta, Inna a taga, ni a gefenta. Na dawo gida na kasa cin abinci. Washegari na koma na sa aka canza.

Ka tuna zuwana Paki da jaririna na fari? Kana wurin, kana shan rake a bakin rumbu. Na shiga ɗaki na zauna a bakin tabarmarta. Ban gama gaisuwa ba ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Na leƙa daga baya, murhun sanyi ƙalau. Na san al'ada ce. Kowa ya gaya mini al'ada ce, 'yar fari sai haƙuri. Na haƙura a Paki, domin a Paki in ta tashi ina da ƙofar da zan fita in yi kukana a bayan gida. A jirgi fa? In ta kwance ɗamara ta miƙe tana lalube, a gaban mijina da baƙin mutane, don kada ta zauna kusa da ni, ina zan sa kaina?

Ban san abin da ya sa nake gaya maka wannan ba, kai da komai abin dariya ne a wurinka. In ka kai shi tasha, Allah ya isa.

Ka rubuto. Za ta ko ba za ta ba?

Ummuhani

Paki, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Bayan gaisuwa. Kin ga na ce Yaya. Ki adana takardar, ba za ki ƙara gani ba.

Lafiya muke. Ƙafar Inna da ruwan zafi ya ƙona ta warke. In ba ki san da wannan ba, to takardata ce ba ta iso ba. Ba fushi na yi ba. Motar Nehemiya ta mutu bayan Jebba, kayan gyara babu, yana can kwance a ƙarƙashinta da ruɓaɓɓen tumatir da takardata a aljihu. In ta iso kada ki karanta. Ko ki karanta, zagi ne, kuma rabinsa kin cancanta.

Bernice matar Nehemiya ce ta karanta mini taki, a zauren gidansu, babu kowa sai kaji. Da ta zo wajen tabarma ta tsaya ta share ido, ta ce, "Bobbo, in ka yi dariya a nan sai na fasa maka kai." Ban yi ba.

Amma kin san ni sana'a ɗaya na iya. Bencunan ban mayar ba. Da hantsi, Kawu ya tafi gona, na ɗauko turaren nan da kika manta a gidan zuwanki na ƙarshe, na shafa, na yafa mayafi. Inna tana zaune a kan benci tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na zo na zauna a gefenta, na matse murya irin taki ta 'yan boko, na ce, "Inna, ina kwana."

Hannunta ya tsaya cak. Ta shaƙi turaren. Na ga ta dafa benci za ta miƙe, sai kuma ba ta miƙe ba. Ta daɗe haka, hannu a dafe. Ni kuwa ban taɓa yin wasan da ya ba ni tsoro ba sai wannan.

Na daure na ce, "Inna, in na zauna nan har Landan, za ki tashi?"

Sai ta lalubo mafici ta kwaɗa mini a ka. Ta ce, "Bobbo, ɗan banza. Turare ba ya rufe warin ƙafarka."

Na ce, "Tuba nake. Amma tambayar ba tawa ba ce."

Ta juya fuska wajen bango. Ta gaya wa bango, "Sun ɗauka ƙi ne."

Na gyara zama.

Ta ce, "Haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah. Ni ma in na ɗaga ido na gan su, ƙafata ce ke tashi, ba ni ba. To yanzu idon ya rufe. Ka rubuta wa mutanen Legas, in za su zauna kusa da ni su zauna yanzu, kafin likita ya buɗe shi. In ya buɗe, ban san abin da ƙafar za ta yi ba."

Na ce, "Ahmadu fa?"

Ta ce, "A kai shi inda ba zai ji taunata ba."

Saboda haka ga rabo, daga wanda bai taɓa shiga ko jirgin ƙasa ba. Inna a taga, ke a gefenta, a layin ƙarshe na sashen naku. Kawu da Ahmadu can gaba, a ɗaya ɓangaren, su ba ku ƙeya. Kawu ya sami tagarsa. Ahmadu kuwa ya sha zama da suruki, ni ba ruwana, shi ya ga mace ya ce yana so.

Ta sa an wanke zannuwanta, ta sa an daka mata kuka da daddawa, wai ko ƙasar ba su da miya. Wannan takardar na ba wani mai albasa, gobe zai kama hanya. In kin ga dama ki ce ƙarya nake yi. Amma in kika bar kujerun nan yadda suke, ni ne zan tsaya a kanki a lahira, da ɗankwalina.

Bobbo

Landan, Mayu 1985

Bobbo,

Bayan gaisuwa. Mun sauka lafiya, an yi aikin lafiya. Baba ya ce a gaya maka ranar garin nan ba ta iya busar da barkono. Ka gai da Bernice.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, Nehemiya ya riga mai albasa da kaɗan. Ta zagin na fara karantawa. Wai boko bai koya mini uwata ba. Wannan ban yafe ba, sai mun haɗu. Ta biyun kuwa ban yarda da ita ba. Amma na je na sa aka canza kujerun, saboda kai ba za ka iya ƙago maganar ƙafar da ke tashi da kanta ba, ba ka da wannan hankalin.

Da aka zaunar da Ahmadu kusa da Baba, aka kawo abinci, sai ya ce azumin nafila yake yi. Baba ya sa masa albarka ya cinye tire biyu. Har muka sauka Ahmadu bai kwantar da kujerarsa ba, bai ko jingina ba, ya sauka da ciwon wuya. Ya ce in gaya maka ya ji labarin turmi.

Ni na ɗaura wa Inna ɗamara. Fuskarta tana wajen taga. Ina ta kallon ƙafarta. Da jirgi ya fara gudu sai ta cafke wuyan hannuna. Na ɗauka in ya daidaita a sama za ta saki. Ba ta saki ba. Da hannu ɗaya ta ci abinci, ni na riƙa tsinka mata kazar. Can muna bisa hamada sai na ji yatsunta a fuskata. Ta bi goshina a hankali, ta tsaya a kan tabon nan na gefen gira, wanda ban taɓa sanin inda na samo shi ba. Ta gaya wa taga, "Bakin murhu ne. Suna rarrafe." Abin da ta faɗa ke nan har Landan.

Jiya aka cire bandeji. Ta ga likita. Ta ga Baba, ta ce ashe Malam ya tsufa haka. Sai ta juyo ta gan ni. Kallo ɗaya, Bobbo. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Na fita na tsaya a baranda har na gaji. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta faɗa tun farko.

Yau Ahmadu zai je ofishin jirgi a kan kujerun dawowa. Na ce masa ya nema mata wuri kusa da wata mace, kowace ce. Baba ya ce a tambaye ta tukuna. Ya tsaya a bakin gadonta ya ce, "Ana tambaya ina za ki zauna." Ni ina bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon bangon nan, yanzu kuwa tana ganinsa sarai. Sannan ta ce, "A bar kujerun yadda aka zo."

Ka ajiye mini sauran turarena. Kuma har yanzu sakarai ne kai.

Ummuhani

Paki, cikin azumi

Zuwa ga taɓarya,

Bayan gaisuwa, da barka da shan ruwa. Lafiya muke, an yi ruwan shuka. Bernice ta karanta mini, ta yi kuka, ni kuma ƙwaro ne ya faɗa mini a ido. Wannan za ta jira ki a Legas.

Ki gaya wa Ahmadu ya gode wa Allah dawowa ta faɗo cikin azumi, wannan karon ba sai ya ƙaga ba. Turarenki ya ƙare, na je zance da shi.

Mai shayi ya zo da faɗa, na mayar masa da benci ɗaya. Ɗayan na ce masa gara ta cinye. Yana nan a ƙofar ɗakin Inna, a inuwa, mutum biyu yake ɗauka. Zama a sama ba wuya, mutum a ɗaure yake, ƙofa a rufe. In kin isa, ki zo Paki ki zauna a wannan, babu ɗamara, ido buɗe.

Na yayyafa wa murhun ruwa, kada a ce an bar tukunya a wuta.

Bobbo